Karatun Daji: Yadda Siyasa Ta Riƙa Zaɓa wa Indunusiya Labarin da Za Ta Karanta

A shekarar 1989 wata kotu a birnin Yogyakarta ta ɗaure wani ɗalibin jami'a shekara 7, abokinsa kuma shekara 8, bisa tuhumar yi wa gwamnati zagon ƙasa. Mafarin fitinar shi ne kama ɗalibin da aka yi yana sayar da littattafan wani dattijo mai suna Pramoedya Ananta Toer. Ƙagaggun labarai ne, ko sunan Shugaba Suharto babu a cikinsu, domin magana ce ta zamanin Turawan Holan, tun kakannin alƙalin suna yara. To me gwamnatin soja, da tankokinta da 'yan leƙen asirinta, take tsoro a labarin abin da ya wuce da shekara 80 ko 90?

Mu nan, abin da yawancinmu muka sani game da Indunusiya bai wuce Indomie ba, sai kuma alhazansu masu tafiya a jere a Makka, kowa da ɗan ƙyalle iri ɗaya a wuya. Alhali ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 270, da tsibirai sama da 17,000, da harsuna sama da 700. Daga wannan tarin harsuna amsar tambayarmu take farawa.

Mutanen Jawa su ne mafi yawa, kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma suna da tsohon adabi na fada. Amma harshensu mai hawa-hawa ne: kalmomin da talaka zai yi wa basarake magana da su daban, waɗanda basaraken zai mayar masa da su daban. Harshen Malay kuwa na tashar jirgin ruwa ne da kasuwa, kowa na iya tsintarsa, kuma ba ya tilasta maka durƙusawa kafin ka buɗe baki. Ranar 28 ga Oktoba, 1928, ƙungiyoyin matasa suka taru a Batavia, wato Jakarta ta yau, suka yi rantsuwar da ake kira Sumpah Pemuda: ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, da harshen haɗin kai guda, wanda suka raɗa wa suna harshen Indunusiya. Mawaƙi ne, Muhammad Yamin, ya tsara kalmomin rantsuwar. A lokacin saura shekara 17 a samu ƙasar da ake rantsuwa da sunanta. Don haka duk marubucin da ya ajiye harshen da ya sha a nono ya ɗauki wannan, ya riga ya shiga siyasa tun kafin ya rubuta layin farko.

Turawan Holan sun riga kowa gane haka. A 1908 suka kafa hukumar samar wa talakawa abin karantawa, wadda a 1917 ta zama Balai Pustaka. Mai karatun Hausa zai ji wannan labari kamar ya san shi, saboda irinsa aka yi a Zariya, inda gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafan zubenmu na farko. Sai dai Balai Pustaka ta samu kasuwa cike da littattafai kafin zuwanta. Sinawa haifaffun ƙasar da 'yan jarida 'yan ƙasa sun daɗe suna buga labarai da Malay ɗin kasuwa. Wata manazarciya 'yar Faransa, Claudine Salmon, ta ƙirga ayyukan Sinawan kaɗai sama da 3,000. Hukumar ta sa wa irin waɗannan suna bacaan liar, wato karatun daji, wanda ba shi da makiyayi. Nata littattafan kuma ta gindaya musu sharuɗɗa: kada a taɓa siyasa, kada a ɗauki ɓangare a addini, kada a zo da abin da take ganin rashin ɗa'a ne. Ta kuma baza su cikin ɗakunan karatu na makarantu a farashi mai rahusa.

A duba littafinta mafi shahara, Sitti Nurbaya na Marah Rusli, wanda ya fito a 1922. Budurwa ce a birnin Padang, tana da saurayi, Samsulbahri, wanda ya tafi karatu Batavia. Wani tsohon attajiri marowaci, Datuk Meringgih, ya karya kasuwancin mahaifinta da makirci, ya ɗaure shi da bashi, har yarinyar ta yarda ta aure shi don kada a kai uban kurkuku. Daga baya ya sa aka ba ta guba. Har yau idan iyaye suka matsa wa yarinya a kan miji, amsar da za ta ba su ita ce yanzu ba zamanin Sitti Nurbaya ba ne. Wannan ɓangare kowa ya riƙe shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ƙarshen labarin. Saurayin da muke tausaya wa ya shiga sojan Turawa. Mugun tsohon kuwa shi ne ya jagoranci boren ƙin biyan haraji, irin boren da aka yi da gaske a Sumatra ta Yamma a 1908. A fagen faman nan saurayin ya kashe shi. Ka ga yadda aka jera kayan: mai yi wa Bature tawaye azzalumi ne mai neman kare dukiyarsa, mai sanye da kakin Bature kuma shi ne abin so. An bar marubuci ya soki auren dole da al'adar dangi iya son ransa, matuƙar dai yatsan bai juya ya nuna mai mulki ba.

A can cikin dajin kuwa akwai irin su Mas Marco Kartodikromo, wanda a littafinsa Student Hidjo na 1919 ya kai ɗalibi ɗan Jawa ƙasar Holan, ya sa Turawa suna yi masa hidima a masauki, don mai karatu ya ga ashe su ma suna da barori da talakawa. An sha ɗaure shi saboda rubutun jarida, kuma bayan boren 'yan kwaminis na 1926 aka kai shi sansanin Boven Digoel a dazukan Papua, inda zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi. Shekaru da yawa littattafan makaranta suna fara tarihin adabin zamani daga 1920, da littattafan Balai Pustaka, kamar shi da ire-irensa ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

A 1933 wasu matasa uku, Sutan Takdir Alisjahbana da Armijn Pane da Amir Hamzah, suka kafa mujallar Pujangga Baru don su fita daga inuwar hukumar. Nan aka yi doguwar muhawara a kan ko sabuwar al'ummar za ta kwaikwayi Turai gaba ɗaya, kamar yadda Takdir ke so, ko za ta tsaya a kan gadon Gabas. Yaƙi ne ya katse musu hanzari. Japan ta mamaye ƙasar a 1942, ta haramta harshen Holan, abin da ya buɗe wa harshen Indunusiya ƙofar ofis da makaranta. A wannan zamani Chairil Anwar ya ɓullo, yaro ɗan Medan mara aikin yi, ya watsar da tsohon ma'aunin waƙa, ya kira kansa dabbar daji da garke ya kora, a waƙarsa Aku ta 1943. Ya mutu a 1949 yana ɗan shekara 26, watanni kaɗan kafin Holan ta haƙura ta amince da 'yancin da Sukarno, shugaban ƙasar na farko, da mataimakinsa Hatta suka shelanta ranar 17 ga Agusta, 1945. Shi kuwa Amir Hamzah, wanda ya ba harshen ƙasar wasu daga cikin waƙoƙinsa mafi taushi, jinin sarautar Langkat ne, kuma 'yan juyin juya hali ne suka kashe shi a watan Maris na 1946 lokacin da suka far wa gidajen sarauta a gabashin Sumatra. Ƙasar da ya yi wa waƙa ta kashe shi, bayan shekara 29 kuma ta sa shi cikin gwarazanta.

Inda maganar ta fi ɗaci shi ne bayan tafiyar Bature, domin a nan marubuta da kansu suka karɓi sandar makiyayin.

A 1950 wani rukuni, wanda manazarci H.B. Jassin ya zame wa ginshiƙi, ya ce su magada ne na al'adun duniya baki ɗaya, kuma adabi na ɗan Adam ne ko daga ina yake. A shekarar dai, ranar 17 ga Agusta, aka kafa Lekra, ƙungiyar al'adu mai kusanci da jam'iyyar kwaminis ta PKI. Takenta shi ne siyasa ce kwamanda. Tana tura marubuta da masu zane ƙauye su zauna da manoma, su ci abin da suke ci, abin da suke kira turba, wato sauka ƙasa. A ganinsu, mai rubuta waƙar kaɗaici da soyayya alhali manomi ba shi da gona, ya zaɓi ɓangare ko da bai faɗa ba. Hujja ce mai nauyi, ba kuma zan yi kamar ba ta da shi ba. Matsalar ita ce lokacin da Sukarno ya tattara iko a hannunsa daga 1959, ya kuma jingina da PKI, sai muhawara ta koma farauta.

Pramoedya, wanda ke ɓangaren Lekra, shi ne ke riƙe da shafin adabi na Lentera a jaridar Bintang Timur, kuma alƙalaminsa ba ya da linzami. A 1962 shafin ya zargi Hamka, babban malamin addini kuma marubucin labaran soyayya, da cewa ya kwashe littafinsa Tenggelamnya Kapal van der Wijck daga wani labarin Faransanci da marubucin Masar al-Manfaluti ya mayar Larabci. A 1963 marubutan ɗaya ɓangaren suka fitar da takardar matsaya, Manifes Kebudayaan, suna cewa ba za su fifita wani fanni na al'ada a kan wani ba, wato ba su yarda siyasa ta zama kwamanda ba. Abokan hamayya suka taƙaita sunan zuwa Manikebu, wanda a kunnen ɗan ƙasar yake fita kamar maniyyin ɓauna. Ranar 8 ga Mayu, 1964, Sukarno ya haramta takardar. Jassin ya rasa aikinsa na koyarwa a jami'a, wasu suka koma rubutu da sunan aro. Hamka an tsare shi daga 1964 zuwa 1966 bisa zargin ƙulla wa gwamnati makirci, kuma a tsaren ne ya rubuta mafi yawan Tafsir al-Azhar. Da Sukarno ya rasu a 1970, Hamka ɗin ne ya yi masa sallar jana'iza. Ɗan jarida Mochtar Lubis ma ya shafe shekaru a tsare, har littafinsa a kan ruɓewar Jakarta ya fara fitowa da Turanci a 1963 kafin 'yan ƙasarsa su gan shi da harshensu.

Daga nan sai reshe ya juye da mujiya. Daren 30 ga Satumba, 1965, wasu sojoji suka sace janar-janar 6 suka kashe su. Janar Suharto ya ɗora laifin a kan PKI, aka shiga kisan da masana tarihi ke ƙiyasta ya ci mutum 500,000 zuwa miliyan 1 cikin 'yan watanni. Ranar 13 ga Oktoba aka je gidan Pramoedya. An ƙona ɗakin karatunsa da rubuce-rubucen da bai buga ba, wani soja kuma ya buge shi da gindin bindiga a kai, abin da ya lalata masa ji har ƙarshen ransa. Wannan ne ɗaurinsa na uku: Turawan Holan sun tsare shi daga 1947 zuwa 1949, gwamnatin Sukarno ta tsare shi a 1960 saboda littafin da ya kare Sinawan ƙasar. Na ukun ya ɗauki shekara 14 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, 10 daga ciki a tsibirin Buru, inda aka jibge fursunoni kusan 12,000 suna sare daji suna noman shinkafa.

Kafin a kama shi ya yi shekaru yana tara takardu a kan Tirto Adhi Soerjo, ɗan jaridar da ya kafa Medan Prijaji a 1907, wanda tarihin hukuma ya kusa mantawa da shi. Takardun sun tafi a wuta. A Buru kuma an hana shi takarda da alƙalami a shekarun farko. Sai ya koma abin da kakanninmu suka sani: ya riƙa ba abokan ɗaurinsa labarin da baki, bayan an dawo daga gona, su kuma su kai wa na wasu ɗakunan. Da aka ba shi izinin rubutu a 1973, wasu fursunonin suka ɗauke masa rabonsa na aikin ƙarfi don ya zauna ya rubuta. Haka aka samu littattafai huɗu da ake kira na Buru.

Na farkonsu, Bumi Manusia, yana bin wani saurayi ɗan sarauta, Minke, mai karatu a makarantar Turawa a Surabaya. Amma wadda ta riƙe littafin ita ce Nyai Ontosoroh, matar da ubanta ya sayar wa wani Bature tana yarinya don ya samu ƙarin girma a kamfanin sukari. Ƙwarƙwara ce, ba ta da matsayin matar aure a doka. Ta koyi karatu da harshen Holan da lissafin kasuwanci, ta riƙe babbar gona da kamfanin madara da hannunta. Da Baturen ya mutu, kotun Turawa ta miƙa dukiyar ga ɗansa na can Holan, ta ce ita ba ta da iko a kan 'yar da ta haifa, ta kuma ƙi amincewa da auren da aka ɗaura wa yarinyar da Minke bisa shari'ar Musulunci. Aka sa yarinyar a jirgin ruwa, uwa da miji suna ji suna gani.

An saki Pramoedya a Disamba 1979. Kamfanin Hasta Mitra, wanda shi da wasu tsofaffin fursunoni biyu suka kafa, ya buga littafin a 1980, aka yi ta wawasonsa. A watan Mayu na 1981 Babban Lauyan Gwamnati ya haramta shi tare da na biyunsa, wai suna cusa aƙidar Markisanci a ɓoye. Jami'in ofishin jakadancin Ostireliya da ya fassara shi zuwa Turanci, Max Lane, sai da aka mayar da shi gida. Ni dai ban ga Markisanci a ciki ba. Abin da na gani shi ne littafin ya ba da wani asali na ƙasar dabam da wanda gwamnati ke koyarwa. A bakin gwamnatin Suharto, soja ne ya haifi ƙasa, soja ne ya cece ta a 1965, kuma daga 1984 ana tilasta wa 'yan makaranta kallon fim ɗin hukuma a kan daren da aka kashe janar-janar ɗin, ana kuma nuna shi a talabijin kowace 30 ga Satumba. A littattafan Buru kuwa, 'yan jarida da 'yan kasuwa da mata irin Nyai ne suka haifi ƙasar, da jarida da ƙungiya da ƙaurace wa kayan azzalumi. Matashin da ya karanta yadda aka yi wa dokar Bature gardama ba ya buƙatar a ce masa ya waiwayi dokar da ke kansa. Ga shi kuma marubucin na cikin mutanen da aka buga wa ET a katin shaida, alamar tsohon fursunan siyasa, waɗanda aka so a ce ba su da sauran murya.

Waɗanda ba a ɗaure ba suka koyi magana a kaikaice. Ahmad Tohari, ɗan gidan malamai daga Banyumas, ya rubuta Ronggeng Dukuh Paruk, wanda ya fara fitowa a 1982, a kan Srintil, 'yar rawar wani ƙauye da ba mai iya karatu a cikinsa. 'Yan jam'iyya suka riƙa gayyatar ta rawa a taronsu, ba ta san me ake cewa a kan dandamali ba, da 1965 ta zo aka ƙona ƙauyen aka ɗaure ta. Sai a bugun 2003 aka mayar da sassan da aka cire. Mawaƙi W.S. Rendra kuwa an kama shi a 1978 bayan karatun waƙa a Jakarta. Seno Gumira Ajidarma, da aka cire shi daga kujerar edita saboda rahoton kisan da sojoji suka yi a maƙabartar Santa Cruz ta Timor ta Gabas a 1991, sai ya zuba shaidar cikin gajerun labarai, ya kuma sa wa wani littafinsa suna da cewa idan an toshe bakin jarida, dole adabi ya yi magana. Wiji Thukul, ɗan mai tuƙa keken haya daga Solo, shi bai iya kaikaice ba. Waƙarsa Peringatan ta ƙare da kalma ɗaya, lawan, wato a yi turjiya, kuma ta zama taken ma'aikata da ɗalibai. Ya ɓace a farkon 1998, har yau ba a ga ko gawarsa ba.

Tsohon miki bai warke ba duk da haka. Da aka ba Pramoedya kyautar Magsaysay ta ƙasar Filifin a 1995, marubuta 26 suka sa hannu a takardar ƙorafi suna tuna abin da ya yi musu a zamanin Lekra, Mochtar Lubis ma ya mayar da tasa kyautar. Marubuci Goenawan Mohamad, wanda yana cikin waɗanda aka tsangwama a 1964, ya ƙi sa hannu, domin mutumin da ake ƙorafi a kansa har lokacin littattafansa haramtattu ne, ba shi da filin mayar da martani. A nawa ganin Goenawan ya fi su gaskiya: zagi a jarida da rasa aiki zalunci ne, amma ba a ɗora su a sikeli ɗaya da shekara 14 a tsare da kaburburan da ba a san adadinsu ba. Sai dai shi ma Pramoedya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da Shugaba Abdurrahman Wahid ya nemi gafara a 2000 a kan kisan 1965, ya ƙi karɓa, ya ce shi ba Nelson Mandela ba ne, shari'a yake so. Ya rasu a 2006 bai same ta ba.

Suharto ya sauka ranar 21 ga Mayu, 1998, makonni kaɗan bayan fitowar Saman na Ayu Utami, littafin da ya yi maganar ƙwace gonakin manoma da azabtarwa da sha'awar mace ba tare da rufa-rufa ba. Mata marubuta suka cika fage, masu suka kuma, yawancinsu maza, suka laƙaba musu sastra wangi, adabi mai ƙamshin turare. A gefe guda ƙungiyar Forum Lingkar Pena, da aka kafa a 1997, ta tarbiyyantar da dubban matasa masu rubuta labaran Musulunci, kuma a kasuwa irin su Ayat-Ayat Cinta na 2004 sun fi littattafan da manazarta ke yabo tafiya nesa ba kusa ba. Jikokin 1965 kuma suka koma tonon abin da ya faru a ƙagaggun labaransu: Eka Kurniawan a 2002, Leila Chudori da Laksmi Pamuntjak a 2012.

A 2010 Kotun Tsarin Mulki ta ƙwace ikon haramta littafi daga hannun Babban Lauyan Gwamnati, ta ce sai da hukuncin kotu. Amma dokar 1966 da ta haramta yaɗa kwaminisanci tana nan daram. Wahid ya nemi a soke ta, bai samu goyon baya ba. A Oktoba 2015, watan da Indunusiya ta zama babbar baƙuwa a kasuwar baje kolin littattafai ta Frankfurt, hukumomi suka matsa wa bikin marubuta na Ubud a Bali har ya soke zaman da ya shirya a kan 1965. A Janairu 2019 sojoji suka shiga wani kantin littattafai a Padang, garin su Sitti Nurbaya, suka kwashe waɗanda suka ce suna warin kwaminisanci. A watan Agusta na wannan shekarar aka fara nuna fim ɗin Bumi Manusia a gidajen sinima na ƙasar, matasa suna layin sayen tikiti.